Tambaya da Amsa: Wai Ina Biliyoyin Masu Sababbin Kamfanoni Suke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni ɗalibi ne, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Kullum sai kaji ance wani matashi ya buɗe kamfanin manhaja shekara huɗu ko biyar da suka wuce, yau wai ya mallaki dala biliyan kaza, sannan kuma sai kaji ance kamfanin ma bai taɓa cin riba ba, asara yake yi duk shekara. To wai ina kuɗin nan suke ne? A banki suke ko kawai ƙarya ake shirga mana? Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kuɗin basa banki, kuma ba za a kira abin ƙarya kai tsaye ba, lissafi ne da akeyi da farashin ɗan yanki guda. Bari in kwatanta maka.

Ace ka buɗe kamfani, naka ne kai kaɗai. Sai wani mai zuba jari yazo yace zai saka dala miliyan 2 ka bashi kashi 20 cikin ɗari na kamfanin. Kun shirya, an sa hannu. To daga wannan rana lissafin da za ayi shine, in kashi 20 ya kai miliyan 2 ai kashi 100 ya kai miliyan 10 kenan, shikenan sai a fara cewa kamfaninka na dala miliyan 10 ne, kai kuma mai riƙe da kashi 80 ka mallaki miliyan 8. Amma duba da kyau, tsabar kuɗin da suka motsa miliyan 2 ne kacal, kuma ma ba aljihunka suka shiga ba, asusun kamfani suka shiga za a biya albashi da hayar ofis da talla dasu. Miliyan 8 ɗinka babu wanda ya taɓa ƙirga su, babu wanda yace zai biya, a takarda suke.

Haka abin yake har a manyan. A 2007 kamfanin Microsoft ya biya dala miliyan 240 ya karɓi kashi 1.6 na Facebook, da aka buga lissafi sai ya fito biliyan 15, kuma da wannan adadin aka riƙa kiran Facebook a lokacin, alhali ƙasa da kashi 2 aka saya. Shi Facebook abin ya yi masa kyau daga baya, ya wuce nan nesa ba kusa ba. Amma ga WeWork, kamfanin nan na Amurka mai bada hayar ofisoshi, a watan Janairun 2019 kamfanin zuba jari na SoftBank ya zuba kuɗi akan ƙimar dala biliyan 47, da suka zo shiga kasuwar hannun jari a wannan shekarar aka buɗe littattafansu jama'a suka ga irin asarar da ake tafkawa, sai masu saye suka ja baya, kafin shekara ta ƙare ƙimar ta dawo wajen biliyan 8, a 2023 kuma kamfanin ya je kotu yace ya karye. Biliyan 39 ɗin nan da suka ɓace cikin watanni ba sata akayi ba, ba gobara ba, dama can ra'ayin mai saye ɗaya ne aka ninka. Elizabeth Holmes da ta kafa kamfanin gwajin jini na Theranos ma haka, a 2015 mujallar Forbes tace tana da biliyan 4.5 saboda tana da rabin kamfanin da akayi wa ƙimar biliyan 9, a 2016 mujallar ta sake lissafi ta rubuta sifili.

Ni dai abin da yake damuna da yadda ake bada labaran nan shine ba a faɗin wannan, sai a bar matasa suna ganin kamar akwai wani ɗaki cike da dala. In kaji ance wane ya mallaki kaza, ka tambayi kashi nawa aka saya, wa ya saya, kuma shi mai kamfanin zai iya sayar da nasa gobe ko kuwa. Galibi ba zai iya ba, don ko bayan kamfani ya shiga kasuwar hannun jari akan hana na ciki sayarwa har kwana 180, kuma ranar da mai kamfani ya fito da nasa kason gaba ɗaya kasuwa, farashin ba zai tsaya inda yake ba.

Saura ɓangaren tambayarka na me yasa za a biya maƙudan kuɗi akan kamfanin da yake asara, wannan ya haɗu da tambayar da ke biye.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina yawan jin masu harkar fasaha suna cewa kamfani kaza yana ƙaruwa da kashi 10 ko 15 a wata, suna ta zuzuta abin. Ni kuma gani nake kashi 15 ai ba wani abin azo a gani bane, ko ni ce ban gane ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa ba ke kaɗai bace, kusan kowa haka kansa yake lissafi, mun saba da tarawa, 15 da 15 da 15. Amma wannan ƙarin yana hawa ne akan ƙarin da ya gabace shi, na wannan watan ana ɗora shi akan jimillar watan jiya har da abin da ya ƙaru, wato ƙari yana haihuwar ƙari. Kuma ba maganar kuɗin ruwa na banki kaɗai bace, duk abin da ƙaruwarsa take komawa cikinsa haka yake tafiya, yawan kwastomomi ne, ciniki ne, yawan jama'ar ƙasa ne.

Ɗauko kalkuletar wayarki muyi tare, don wallahi sai mutum ya danna da hannunsa yake yarda. Ga kamfanoni biyu. Na farko babba ne, cinikinsa dala miliyan 1 a wata, yana ƙaruwa da kashi 5 a shekara. Na biyu ɗan ƙarami ne, dala dubu 10 kacal a wata, amma yana ƙaruwa da kashi 15 duk wata. Ki rubuta 10,000 ki riƙa ninkawa da 1.15. Bayan wata 12 zaki ga wajen dubu 53, har yanzu babban ko kallonsa ba zai yi ba. Ki cigaba. Kafin shekara 3 ta cika ƙaramin ya kamo babban, a wata na 36 yana kan miliyan 1.5. A wata na 60, wato shekara 5, ƙaramin yana cinikin kusan miliyan 44 a wata, babban kuwa yana nan wajen miliyan 1.3. Kinga abin da mai zuba jari yake hange kenan lokacin da yake biyan miliyoyi akan kamfanin da yau cinikinsa bai taka kara ya karya ba, shekara ta biyar ɗin nan yake saye. Shi yasa ma basa damuwa da asarar farko, in dai kuɗin ana ƙona su ne wajen jawo sababbin kwastomomi da zasu zauna. Amazon an kafa shi a 1994, sai a 2003 ya fara rufe shekara da riba. Paul Graham, ɗaya daga waɗanda suka kafa Y Combinator a 2005, cibiyar da ta reni su Airbnb da Dropbox da Stripe, ma'auninsa ma na sati ne, yace kashi 5 zuwa 7 a sati shine mai kyau ga kamfani a farkon tashinsa. Kashi 7 a sati in ya ɗore shekara guda ninki 33 ne da ɗoriya.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne nake so ki fi riƙewa. Ki sake lissafin, wannan karon da kashi 10 a wata maimakon 15. Bayan shekara 5 miliyan 3 zaki samu. Da kashi 5 kuwa, dubu 187. Kamfani ɗaya ne fa, farawa ɗaya, shekaru ɗaya, ɗan bambancin kashi 5 a wata ya raba miliyan 44 da miliyan 3. Kenan duk ƙimar da akayi wa irin wannan kamfani tana rataye ne akan hasashe guda, wane sauri zai riƙe kuma har yaushe, kuma babu mahaluƙin da ya san amsar. Mutum biyu masu hankali zasu kalli kamfani ɗaya, wannan yace miliyan 50 wancan yace miliyan 500, kuma kowa da hujjarsa a kalkuleta. Cinikin biri a sama ne, sai dai ana yinsa da lissafi.

Sannan saurin nan dole ya ragu, babu makawa. In kika bar kashi 15 ɗin ya tafi shekara 10, ɗan kamfanin namu zai kai cinikin dala biliyan 190 da wani abu a wata, abin da babu kamfanin da yake samu a duk faɗin duniya. Mutanen da zasu sayi kayan suna ƙarewa, masu gasa suna shigowa, kwastoman farko da sauƙi ake samunsa na baya sai an kashe kuɗin talla. Ƙaruwa daga mutum 100 zuwa 200 aikin sati ne, daga miliyan 100 zuwa miliyan 200 wani zance ne daban. Don haka in kamfani yace miki ya ninka sau uku bana, tambayar farko ita ce daga nawa zuwa nawa, ta biyu kuma me ya ninka, masu sauke manhaja kyauta ko masu biyan kuɗi, don ba girin-girin ba dai tayi mai.

Akwai wata dabara mai sauƙi da zaki riƙe a ka. Ki raba 72 da kason ƙaruwar, abin da ya fito shine tsawon lokacin da abu zai ninka biyu. Kashi 6 a shekara, shekara 12. Kashi 12, shekara 6. Tsohuwar dabara ce, masanin lissafin nan na Italiya Luca Pacioli ya ambace ta tun 1494. Ba ta bada amsa cif-cif in kason yayi girma sosai, amma ta isa ki gane inda magana ta dosa.

Abu na ƙarshe, tunda ribar tana can gaba, sai an jawo ta zuwa yau kafin ayi mata farashi, kuma nan ma lissafin nan ne amma a juye. Dala 100 da za a baki bayan shekara 10, in kuɗin ruwa kashi 2 ne a shekara darajarta yau wajen 82 ce, in kashi 10 ne wajen 39. Shi yasa da babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 a 2023, ƙimar irin waɗannan kamfanoni ta zube. Ga misalin kamfanonin biyan kuɗi ta intanet guda biyu, Klarna na ƙasar Suwidin daga biliyan 45.6 a 2021 ya dawo 6.7 a 2022, Stripe daga biliyan 95 ya dawo 50 a 2023, alhali kwastomominsu basu gudu ba.

Tambaya: Malam wani ya nuna min jarin da yace matsakaicin ribarsa kashi 25 ne a shekara cikin shekara biyu, amma da na duba kuɗin da aka fara dasu da na ƙarshe duk ɗaya ne. Ya akayi haka? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji idonka ya gani daidai. Shekarar farko 100 ta zama 200, ƙarin kashi 100. Ta biyu 200 ta dawo 100, ragin kashi 50. In ka cire 50 daga 100 ka raba biyu zaka samu 25, amma aljihu bai ƙaru da komai ba. Ma'aunin gaskiya shine ka ɗauki na farko da na ƙarshe ka nemo kaso ɗaya da in ana ɗora shi duk shekara zai kai ka can, anan sifili ne. In 100 ta zama 200 cikin shekara 5, kason bai kai 15 ba, 14.9 ne, duk da mutane zasu ce maka 20. Kuma ka tuna faɗuwa ta fi tashi nauyi, wanda ya faɗi da kashi 50 sai ya tashi da kashi 100 kafin ya dawo inda yake. Ma'aunin farashin kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka ya kai 5,048 a watan Maris na 2000, ya zube da wajen kashi 78 zuwa Oktoban 2002, bai sake ganin wancan matsayin ba sai 2015.

Tambaya: Salam Malam. Ni mai rubuta manhaja ce, wani sabon kamfani ya min tayin aiki, albashin bai kai wanda nake karɓa yanzu ba amma sunce zasu bani rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kamfanin, kuma wai ƙimar kamfanin dala miliyan 20 ce, kenan nawa dala dubu 100 ne. Inaso in karɓa amma zuciyata tana rawa, me zaka bani shawara?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, gara da kika tambaya kafin ki sa hannu, don naga mutane da yawa sun yi shekaru suna aiki dare da rana akan wannan alƙawarin kuma abin yana min ciwo, su ne suka fi kowa wahala kuma su ne na ƙarshe a layi.

Dubu 100 ɗin nan ki ajiye ta gefe tukuna. Da farko ba a ranar da kika fara aiki za a miƙa miki kason ba, abin da aka saba shine a raba shi shekara 4, kuma in kika bar aikin ko aka sallame ki kafin shekara guda ta cika baki da komai. Sannan sau da yawa ba hannun jarin ake baki ba, dama ce ta saye a wani farashi da aka yanke, sai kin zaro kuɗi daga aljihunki kin biya kafin ya zama naki, kuma a kamfanoni da dama in kin bar aiki kwana 90 kawai gareki ki biya ko damar ta wuce.

Sai kuma tsukewar kaso. Duk lokacin da kamfani ya karɓi sabon jari sababbin hannayen jari ake ƙirƙira, kason kowa sai ya ragu. In aka karɓi jari sau uku, kowane karo aka bada kashi 20, rabin kashi ɗayanki ya koma kusan rubu'i. Wannan ba lallai ya zama sharri ba in kamfanin yana girma da gaske, rubu'in kashi na babban abu yafi rabin kashi na ƙarami, Mark Zuckerberg ma wajen kashi 28 ya rage masa lokacin da Facebook ya shiga kasuwa a 2012.

Wanda yafi muhimmanci kuma ba a cika faɗa wa ma'aikata ba shine hannun jarin kala biyu ne. Na masu zuba kuɗi yana da sharaɗin cewa in aka sayar da kamfani su za a fara biya abin da suka saka, naki da na masu kamfanin sai abin da ya rage. Ace jimillar abin da suka zuba miliyan 30 ne, abubuwa basu tafi yadda ake so ba aka sayar da kamfanin miliyan 35, zasu iya ɗaukar 30 ɗinsu, ku duka ku raba 5. In miliyan 28 aka sayar, jarida zata rubuta an sayi kamfani miliyan 28 ke kuma ko ƙwandala. Amma wajen faɗin ƙima sai a ɗauki farashin wancan mai gata a ninka da duka hannayen jari kamar darajarsu ɗaya. Wasu malaman jami'a biyu, Will Gornall da Ilya Strebulaev, sun bi takardun kamfanoni 135 na Amurka da ake cewa kowanne ya kai biliyan ɗaya, irin waɗanda ake wa laƙabi da yunikon, dokin almara mai ƙaho ɗaya, suka gano a matsakaici ƙimar da ake faɗa ta ɗara ta gaskiya da kashi 48, kuma 65 daga cikinsu basu kai biliyan ɗin ba in anyi lissafin yadda ya kamata.

Ba cewa nake kar ki karɓa ba. Instagram ma'aikata 13 gareshi lokacin da Facebook ya saye shi dala biliyan 1 a 2012, irin wannan yana faruwa, kuma abin da zaki koya a ƙaramin kamfani cikin shekara biyu yana da yawa. Amma su masu zuba jari kamfanoni da dama suke sakawa kuɗi, sun san yawanci zasu mutu, guda ɗaya ko biyu ne zasu biya asarar sauran, ke kuwa kamfani ɗaya gareki da shekarunki. Ki tambaye su jimillar hannayen jari nawa ne gaba ɗaya, nawa aka zuba zuwa yanzu kuma da wane sharaɗi, kuɗin da ke asusu wata nawa zasu kai, cinikin wata shida da suka wuce nawa ne wata bayan wata, kuma duk a rubuce. In suka fara kame-kame kin samu amsarki. In kuma albashin shi kaɗai ba zai riƙe ki da waɗanda kike ɗauke dasu ba, ki nemi su ƙara albashin su rage kason.

Tambaya: Malam akwai wani kamfani a intanet da abokina ya shiga, suna bada ribar kashi 30 duk wata, kuma sunce in ka bar ribar a ciki tana ninkuwa. Shi har ya ciri kuɗi sau biyu na gani da idona. In shiga? Daga wani matashi.

Amsa: Kar ka shiga ɗan'uwa, don Allah kar ka shiga. Ninka 1.3 sau 60 a kalkuleta, zaka ga dala dubu ɗaya ta zama kusan biliyan 7 cikin shekara 5. Wanda yake da sana'ar da take haifar da haka me zai yi da ɗan kuɗinka? Warren Buffett da duniya take jinjina wa a harkar zuba jari, kamfaninsa Berkshire Hathaway wajen kashi 20 yake ƙaruwa a shekara tun daga 1965, a shekara fa ba a wata ba, kuma da wannan ya shiga sahun masu kuɗin duniya. Abin da aka biya abokinka kuɗin waɗanda suka shigo bayansa ne, haka Charles Ponzi yayi a Boston a 1920 da alƙawarin kashi 50 cikin kwana 45, na farko-farko an biya su suka je suka jawo 'yan'uwansu. Bernie Madoff kuwa, wani mai irin wannan damfara a Amurka, da asirinsa ya tonu a 2008, takardun kwastomominsa suna nuna wajen dala biliyan 65 da babu su. Lambar da kake gani tana hawa a allon waya su suke rubuta ta da hannunsu. Ka faɗa wa abokinka ya nemi cire uwar kuɗinsa gaba ɗaya yau ɗin nan, kar ya jira ƙarshen wata, kuma kar ya ƙara jawo kowa.